An ce ba za a yi wa yayata tiyata ba

Tambaya: Likita, an auna yayata mai shekara 46, an ce tana da sankarar bakin mahaifa mataki na biyu, kuma ba za a yi mata tiyata ba. Shin sun fitar da rai da ita ne? Ga 'yata mai shekara 11, ko ciwon gado ne?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ba ta lafiya. Ba su fitar da rai ba, ana warkewa a wannan mataki. Ma'anarsa ciwon ya wuce bakin mahaifa ya taɓa naman da ke gefe, amma bai kai bangon ƙugu ba. A mataki na uku yake kaiwa can, har ya toshe hanyar fitsari daga ƙoda. A na huɗu ya shiga mafitsara, dubura ko huhu.

Idan ya bazu gefe, wuƙa ba ta iya kwashe shi duka. Shi ya sa ake gasa shi da hasken na'ura kwana biyar a mako, kusan mako biyar, ana haɗawa da ƙarin ruwan Cisplatin, wani maganin sankara, sau ɗaya a mako, sannan a yi gashi ta ciki, wato a sa abin gashin ta farji dab da ciwon. Ana so a kammala duka cikin mako takwas.

Nan nake roƙonki ki tsaya mata. Ba na manta wata mara lafiyata da jinin ciwon ya daina zubo mata a mako na uku na gashin. Gudawa da kasala sun galabaitar da ita, sai ta ce ta warke, ta daina zuwa. Da ta dawo bayan watanni, ciwon ya ci gaba, ƙafarta ta hagu ta kumbura, takalmi ba ya shiga. Har yau abin yana ci min rai. Kada ki bari yayarki ta tsallake ko kwana ɗaya, gudawa da amai duk da maganinsu.

Batun 'yarki kuwa, ba gado ba ne. Ƙwayar cutar HPV ke kawo shi, ta hanyar saduwa, kuma nau'i na 16 da 18 ke haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari. Rigakafin HPV ya fi amfani tsakanin shekara 9 zuwa 14, a kai ta yanzu.

Ke ma, in kin kai 30, ki je a auna ki ko ba kya jin komai. Ciwon kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya bayyana, kuma in an gano sauyin da ke fara faruwa a bakin mahaifa da wuri, kafin ya zama sankara, a zama ɗaya ake iya magance shi.