Amsar tambayar gadon kilas a PyQt

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri da ƙarar motoci, yanzu na fito daga Harami bayan isha'i, ina tsaye ina jiran motar da za ta mai da mu masauki. Ƙanena na Jidda, tun la'asar na ga hoton rubutun manhajarka da ka turo. Ga waɗanda ba su bi zancen ba: 'yar manhaja yake haɗawa da harshen Python da PyQt, laburaren da ake gina tagogin manhaja da shi, don rabon ɗakunan alhazai. Ya yi kilas ɗinsa (wato zubin da ake ƙera abu da shi a manhaja) mai suna Taga, ya sa ya gaji QMainWindow, kilas ɗin babbar taga da ke zuwa da PyQt, yana kunnawa sai ta faɗi, jan rubutun kuskure na cewa ba a taɓa kiran __init__ na babban kilas ba, wato aikin da ke shirya sabon abu lokacin da aka ƙirƙire shi. Har sau biyu wai ya goge laburaren ya sake ɗorawa.

To ƙanena, laburare lafiyarsa ƙalau, ƙyale shi ya huta. Mushkilar tana cikin layukanka na farko.

Ka ga, da zarar ka rubuta naka __init__ a cikin Taga, Python ba zai ƙara waiwayar na uban ba, sai in kai ka kira shi da kanka. Mu da muka zauna darasin fara'id mun san hajabu: in ɗa namiji yana nan, ɗan'uwan mamaci ba ya samun komai. Haka abin yake a nan, na kusa yana tare na nesa. Shi kuma PyQt riga ce kawai aka sa wa Qt, ainihin Qt da C++ aka rubuta shi. Tagar gaske, wadda ido ke gani a allo, a can ɓangaren C++ ake gina ta, kuma ba a gina ta sai __init__ na QMainWindow ya gudana. Kai kuwa ka tsallake shi, ka tafi kai tsaye kana kiran self.setWindowTitle. Suna kake raɗa wa jaririn da ba a haifa ba tukuna.

Maganin layi ɗaya ne: super().__init__(), mai kiran __init__ na uban, kuma ya zama shi ne farkon abin da ke cikin naka __init__, kada ka kai shi ƙasa. Bashin mamaci ake fara biya kafin a raba gado, ko ba haka ba? In ka ga wasu na rubuta super(Taga, self), salon Python 2 ne, har yanzu yana aiki, amma tun fitowar Python 3 a 2008 ba a bukatarsa. Illarsa ma, ranar da ka sauya sunan kilas ka manta da wannan layin, sabon rikici ya tashi.

Amma tsaya, na ƙara girman hoton na hango wani abu da zai cije ka gobe. Ka rubuta self.width = 800. Ai QWidget, wanda QMainWindow ya gada, yana da aiki mai wannan sunan, width(), shi ke gaya maka faɗin taga. Ka ɗora lamba a kansa ka binne shi. Duk ranar da ka kira self.width() zai ce maka int, wato lamba, ba abin kira ba ne, ka tsaya kana sallallami. Sa masa self.fadi kawai. In kana shakkar wani suna, buga hasattr(QMainWindow, "width"), in ya ce True ka nemi wani.

Wannan ma da sauƙi, tunda yana ihu. Wanda na fi tsoro shi ne mai shiru. Bara na so manhajata ta adana bayanai kafin a rufe ta, sai na rubuta close_event da ƙaramin harafi da layin ƙasa, yadda hannu ya saba a Python. Qt kuwa closeEvent ya sani, da babban E, shi yake kira in za a rufe taga. Babu kuskuren da ya fito, ko ɗaya. A wurin Python sabon aiki na ƙirƙira wanda babu mai kiransa. Dare biyu ina zargin rumbun bayanai, wallahi har shayi na daina jin daɗinsa, sai da na saka print a ciki na ga ko tari bai yi ba.

Wani kuma ya tambaya a ƙasa game da gadon iyaye biyu, wato in kilas ɗaya ya gaji kilas biyu, aikin wanne ake ɗauka. A taƙaice, buga print(Taga.__mro__), zai jero maka layin magada daga na farko har zuwa object. Tun Python 2.3 a 2003 da wani tsari mai suna C3 ake yin wannan jerin, kuma wanda ka rubuta a hagu shi ake fara dubawa. Ku riƙe wannan: super ba lallai uba yake nufi ba, na gaba a layi yake nufi. Saboda haka in kana da ɗan kilas naka da kake so aikinsa ya rinjayi na Qt, sa shi a hagu. Kada kuma ka gwada gadon kilas biyu na Qt a lokaci guda, kamar QMainWindow da QThread mai gudanar da aiki a bayan fage, PyQt ba ya ɗaukar wannan. Ni a ganina ma yawan gadon nan neman rigima ne. Taga ta riƙe QThread ɗin a matsayin kayanta, self.maaikaci, halas.

Yauwa, ga motarmu ta iso. Ƙanena, gyara waɗannan layuka biyun ka sake kunnawa. In wani jan rubutun ya fito, ɗauko shi gaba ɗaya tun daga kalmar Traceback da ke samansa har ƙasa, na ɗazu ka yanke rabinsa. Zan duba bayan asuba in sha Allah.