Amsa ga 'yar uwa mai ɗan kunkurun da ya daina cin abinci

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da jinya. Wallahi ina karanta tambayarki gabana ya faɗi. Idanu sun kumbura sun rufe, ya ƙi cin komai, hanci na fitar da kumfa, ƙoƙon bayansa ya yi laushi, duk na ga wannan a gidana da idona. Kin ce ko ki zuba masa maganin kaji a ruwa, ko ki kai a yi masa allura. Don girman Allah ki dakata da su tukuna. Ki fara ɗumama shi yanzun nan, kafin ma ki ƙarasa karanta surutuna.

Kunkuru ba ya ɗumama jikinsa da kansa, zafin inda yake shi ne zafinsa. Wannan sanyin asubar da muke sha a Bauchi daga Disamba zuwa Janairu ko babban kunkuru lafewa yake yi, balle ɗan mitsitsi da bai cika tafin hannu ba. In jikinsa ya yi sanyi cikinsa ba ya narka abinci, shi ya sa ko me kika ajiye masa ba zai kalla ba. Ki ɗauke shi daga kan siminti. Ki samu roba mai faɗi ki zuba ƙasa mai ɗan laima, ki rataya ƙwan lantarki irin na da mai zafi a gefe ɗaya kamar yadda ake yi wa 'yan tsaki, ɗaya gefen ki bar shi haka don ya samu wurin matsawa in zafi ya ishe shi. Wurin ya kai kamar digiri 30, da dare ma kada ya sauka ƙasa da 27. In an ɗauke wuta, gorar ruwan ɗumi a naɗe cikin tsumma ta isa. Banda kaskon gawayi, hayaƙin zai ƙarasa masa huhu.

Maganar allura kuwa, nan ne raina yake ɓaci har gobe. Kunkurun namu biyu ne, kawun yara ya kawo musu daga wajen Darazo. Da ƙaramin ya kwanta, ƙanin maigidana ya ce akwai wani mai shagon maganin dabbobi da kowa ke ce wa dokta, bari ya kai masa. Mutumin nan ko juya shi bai yi ba, bai buɗe bakinsa ba, bai ɗora shi a sikeli ba. Daga inda yake zaune ya ce tsutsar ciki ce, ya jawo kwalbar da yake yi wa awaki da tumaki allura da ita, ya zuƙa ya soka masa a gindin ƙafa, ya karɓi kuɗinsa. Kafin magariba ƙafafunsa huɗu sun saki. Wuyansa ya zubo waje yana lilo, in ka taɓa kansa ba ya iya jansa ciki, abin da ko a tsananin ciwon yana yi. 'Yata ta naɗe shi a gefen hijabinta ta zauna a bakin ƙofar kicin tana hura masa iska da baki, wai ko zai ji ɗumi. Ta ƙi cin tuwo, ta ƙi tashi. Sai ya buɗe baki a hankali ya rufe, a daɗe, ya sake buɗewa. Tana tambayata, Umma ya yi barci ne? Ban san me zan ce mata ba. Bai kai asuba ba.

Da gari ya waye na sa mayafi na je shagon da kaina. Ba faɗa na je yi ba, so nake in san me aka ba shi. Sai mutumin nan ya yi dariya a gaban mutane, ya ce, Hajiya kunkuru ne fa ba saniya ba, in kina so a samo miki wani. Wallahi wannan maganar ta fi mutuwar yi mini ciwo. Ko haƙuri bai bayar ba. Rai ne fa, Allah ne ya halicce shi, kuma kuɗi ya karɓa a kan aikin da bai sani ba. Da ya ce ban iya ba, wa zai kama shi? Na dai matsa sai da ya nuna mini kwalbar, a jikinta an rubuta Ivermectin. Daga baya likitan dabbobi na gaskiya ya shaida mini wannan maganin guba ne ga kunkuru da kififiya, yana shanye musu jiki har numfashi ya tsaya, ko da kuwa kaɗan ne. Ki rubuta sunan a takarda ki riƙe. Duk wanda ya ɗauko miki wannan kwalbar, ko da farar riga ce a jikinsa, ki ɗauki abinki ki fita. Har yau in na bi ta gaban shagon nan kau da kai nake yi, kuma yana nan yana ta yi wa dabbobin mutane allura.

To amma kada ki ɗauka cewa nake yi ki guji likita. Kumfar hancin nan alamar ciwon numfashi ce, kuma in ya fara miƙa wuya yana buɗe baki, ko kina jin ɗan fito in yana numfashi, ɗumi kaɗai ba zai warkar da shi ba. Ki kai shi asibitin dabbobi na gwamnati ki nemi ganin likitan da kansa. Ki ce a auna nauyinsa, don maganin irin waɗannan da giram ake lissafa shi. In likitan bai saba da kunkuru ba babu laifi ya tuntuɓi abokan aikinsa, ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom nan kusa da Jos. Na biyun namu da ya fara irin wannan ciwon haka aka yi masa, kuma yana nan, yanzu sai da hannu biyu ake ɗaga shi. A hanya ki sa shi cikin kwali da gorar ɗumin, kada iskar Keke Napep ta buge shi.

Na manta ban faɗa miki jiƙo ba, alhali shi ya fi komai taimakona. Kullum da hantsi ki zuba ruwan ɗumi a faranti mai ɗan zurfi, ki gwada da bayan hannunki, ɗumi kawai ba zafi ba. Ruwan ya tsaya masa a haɓa, kada ya kai hanci. Minti 20 ya isa, kuma ki zauna a wurin, don marar lafiya kansa na iya faɗawa ciki. Za ki ga ya tsoma baki maƙogwaronsa na motsi, sha yake yi. Mutane na cewa kunkuru ba ya shan ruwa, ƙarya ce, ƙananan nan bushewa ke kashe da yawansu, musamman da iskar hunturu. Ni nakan dafa karas in dame shi a ruwan jiƙon saboda bitamin A, don rashinsa na cikin abin da ke kumbura musu ido. Idon kuma auduga da ruwan da aka tafasa ya huce, ki goge a hankali. Banda maganin idon mutane, banda farasitamol, banda man zafi. Akwai wadda ta ce mini in shafa masa manja, kada ki yi.

Laushin ƙoƙo, in ƙasan cikinsa ne ya ɗan lotsa, ƙanana dama haka suke. In kuwa bayan ne ke shiga in kin danna, rashin kalsiyam ne da rashin rana. Ranar da ta ratso gilashin taga ba ta yi masa amfanin komai, sai ya fita ta taɓa shi kai tsaye. Ki fitar da shi in hantsi ya ɗaga iska ta kwanta, da inuwa a kusa, kina tsaye, saboda shaho da hankaka da kyanwa. Da dare ɓera da cinnaka ne abin tsoro, ki rufe robar da raga. Ɓawon ƙwai ki tafasa ki shanya ki daka ya yi laushi, ki riƙa barbaɗa kaɗan a abincinsa.

Abinci kada ki ɗura masa, zai shaƙe. In ya ji ɗumi da kansa zai nema. Ɗanyar ciyawa, ganyen zogale, rama, yakuwa, ganyen dankalin Hausa, ki yayyanka ƙanana, duk za ki samu a kasuwar Muda Lawal. Alayyahu kaɗan kawai. Tuwo da shinkafa da burodi da madara da yara ke tura masa, ki hana su, su ne ke lalata musu ciki. Wannan duk in kunkurun tudu ne. In kififiya ce irin wadda masunta ke kamowa a madatsar ruwan Gubi, ita sai a cikin ruwa take iya haɗiye abinci, kuma tana son ƙwari da tana da ɗan kifi, jinyarta daban.

Wani abin da ke ƙona mini rai shi ne huda gefen ƙoƙo a ɗaura igiya wai kada ya ɓata. Ƙoƙon nan ƙashinsa ne, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa a haɗe suke da shi, akwai jini akwai jijiya, yana jin zafi. In wani a gidan ya kawo wannan shawarar ki tsaya kai da fata. Yara kuma su wanke hannu da sabulu duk sanda suka taɓa shi, yana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi, 'yan ƙasa da shekara 5 ma gara a hana su ɗaukarsa, kuma farantin jiƙonsa kada ya haɗu da kwanukan abinci.

Ki turo mana hotonsa ta sama da ta ƙasan ciki mu ga wane iri ne, ki kuma duba mini yau da dare ko yana buɗe baki in zai yi numfashi. In yana yi, kada ki jira sati, gobe da safe ki kai shi. Allah ya ba shi lafiya, ki gaishe mini da yaran.