Game da kwanakin ƙarshe, daga Alice Springs zuwa Adelaide

Assalamu alaikum, Malam. Ka tambaya ko za ka iya rufe tafiyarka ta ƙungurmin dajin Ostareliya da tuƙin kwana biyu daga Alice Springs zuwa Adelaide, domin ka mayar da motar haya ka kama jirgi. Motar za ta iya, amma shawarata ita ce ka ware kwana uku, ka ƙara na huɗu saboda tsaro. Tazarar ta haura kilomita 1,500, kuma wanda ya shafe makonni yana kwana a tanti ba ya kai ƙarshe da ƙarfin da ya fara da shi. Gajiya ta taru, hankali ya riga ya koma gida, sai mutum ya soma yin gangancin da ba zai yi a makon farko ba.

Babban dalilina shi ne faɗuwar rana. Wurare da yawa a titin Stuart, babban titin da za ka bi, ba su da shinge, saboda haka da zarar la'asar ta yi sakaliya kangaru da shanu sukan fito bakin kwalta, haka kuma da asuba. Gawarwakin da za ka riƙa gani da safe, mikiya na ci, sun isa shaida. Manyan tireloli masu jan wasu tirelolin, waɗanda tsawonsu kan wuce mita 50, suna da ƙarfen kariya a gaba kuma ba sa tsayawa, amma motarka ba ta da wannan gata. Ka kuma karanta takardar hayarka da kyau, domin kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar nauyin karo da dabba idan da dare ya faru. Ni dai ƙa'idata ita ce a riga an kafa tanti kafin magariba, kuma tuƙin kwana biyu ba zai bar ka ka kiyaye ta ba.

Ka yi zangon farko a Marla ko Coober Pedy, garin masu haƙar ofal, wani dutse mai daraja, inda zafi ya sa mutane da yawa suka haƙa gidajensu a ƙarƙashin ƙasa. Idan jiki ya gaji da tanti, kwana ɗaya a irin wannan ɗaki ya cancanci kuɗinsa. Kada ka bar Coober Pedy sai tanki ya cika, domin daga nan zuwa Glendambo akwai kimanin kilomita 250 babu gidan mai ko ɗaya. Titin yana ratsa yankin Woomera da sojoji ke gwajin makamai, don haka ba a sauka daga kansa a shiga daji neman wurin kwana. Daga garin Port Augusta saura kimanin kilomita 300 zuwa Adelaide, kuma a nan ne cunkoson motoci zai dawo maka bayan ka saba da hanya wayam.

Iyakar jiha ma tana da nata sharuɗɗan. A Yankin Arewa, inda Alice Springs take, akwai inda aka yarda a yi gudun kilomita 130 a sa'a, amma da ka shiga Ostareliya ta Kudu ya koma 110. An kuma hana shiga da ɗanyun 'ya'yan itatuwa da kayan lambu irin su tumatir saboda ƙudan da ke lalata gonaki, ana cin tara, don haka ka cinye su tun kafin ka tsallaka. Idan tafiyar ta faɗo tsakanin Oktoba da Afrilu, agogon kudu yana gaba da sa'a ɗaya.

Kwana na huɗun da na ambata ba na hutu ba ne. Jar ƙura tana shiga ko'ina cikin mota, kuma wanke ta yana cin rabin yini. Tantin da raɓa ta jiƙa yana bukatar shanya kafin a naɗe shi, in ba haka ba ya yi fumfuna. Idan ka rage iskar tayoyi saboda hanyar burji, ka mayar da ita tun kafin ka hau kwalta, kuma ka rabu da ƙananan gwangwanayen gas ɗin girki, domin ba a shiga jirgi da su.