Dashen Ƙodar Alade: Ina Batun Cututtukan da ke Jikin Dabbar?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifina ya daɗe ana yi masa wankin ƙoda, shi ya sa nake bibiyar labarin dashen ƙodar alade da ake gwadawa a Amurka. Abin da ke damuna shi ne, ba za a kwaso wa mutum wata cuta daga jikin dabbar ba? In kuma ta kama shi, tana iya kaiwa ga iyalinsa?

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Tsoronki yana kan hanya, domin wannan batu ne ya daɗe yana hana masu binciken barci.

Tushen matsalar shi ne, duk wanda aka yi wa dashe sai an ba shi magungunan da ke raunana garkuwar jikinsa, don kada jikin ya yaƙi sabuwar gaɓar. Ke nan an shigo da naman dabba mai rai, an kuma sassauta masu gadin gidan. Ga shi an san alade da miƙa wa ɗan Adam cuta: cutar Nipah da ta kashe mutum fiye da 100 a Malesiya tsakanin 1998 da 1999 ta hannunsa ta biyo, haka ma ciwon hanta nau'in E. Irin waɗannan da sauƙi, don ana iya gano su a gwaji a kuma tsare dabbar daga gare su.

Wanda ya fi tayar da hankali a farko shi ne bairus ɗin da ake kira PERV. Shi ba kama alade yake yi daga waje ba, a cikin ƙwayoyin halittarsa yake, da shi ake haihuwar kowane alade, don haka tsafta ba ta fitar da shi. A 1997 masu bincike a Landan suka nuna cewa yana iya shiga ƙwayoyin jikin mutum a ɗakin gwaje-gwaje. Sai dai a 1999 an binciki mutum 160 da aka taɓa yi wa magani da naman alade mai rai, ba a samu wanda ya kamu ba. Daga baya, a 2017, kamfanin eGenesis ya samar da 'ya'yan aladun da aka kashe musu wannan bairus da CRISPR, wata fasahar gyara ƙwayoyin halitta. Ƙodar da aka dasa wa Richard Slayman a Boston a watan Maris na 2024 an yi wa ƙwayoyin halittar aladen da aka ciro ta daga jikinsa gyara 69, kuma 59 daga ciki saboda PERV kaɗai aka yi su.

Amma a ganina darasin gaske ba daga PERV ya fito ba. A ranar 7 ga Janairun 2022 aka dasa wa David Bennett zuciyar alade a asibitin Jami'ar Maryland, ya rayu wata 2 ya rasu. An gwada dabbar kafin tiyata an ce lafiyarta lau, sai ga shi an tsinci wani bairus mai suna PCMV a zuciyar. Yadda aka yi ya kuɓuce shi ne, wannan bairus yakan lafe a cikin jiki shiru, gwajin da aka yi ta hancin dabbar kuwa wanda ke motsi kawai yake kamawa. Ba a samu shaidar cewa ya shiga ƙwayoyin jikin Bennett ba, likitocinsa ma sun lissafa shi ne a cikin dalilai da dama da suka haɗu suka lalata zuciyar. Abin da ke ci mini rai shi ne, tun kafin nan gwaje-gwajen da aka yi a kan gwaggon biri sun nuna gaɓar da ke ɗauke da PCMV ba ta daɗewa. Kuma raba alade da shi abu ne mai yiwuwa: a ciro ɗan ta hanyar tiyata ko a yaye shi da wuri, kafin ya ɗauka daga uwarsa, a rene shi a killataccen wuri da ake tace iska da ruwa. Tun daga lokacin aka tsananta gwaji, har da neman alamar cutar da ta taɓa shiga dabbar ta kwanta.

Batun iyali kuwa, a cikin 'yan tsirarun da aka yi wa dashen zuciya ko ƙodar alade ba a ba da rahoton wata cutar alade ta tsallaka zuwa wani na kusa da su ba. Amma adadinsu bai kai a saki jiki ba, kuma gwaji abin da aka san sunansa ya fi kamawa. Shi ya sa ƙa'idar Amurka ta ce a bibiyi mai dashen har ƙarshen rayuwarsa, a adana samfurin jininsa shekara 50, kada ya ba da gudummawar jini, a kuma wayar da kan waɗanda ke zaune da shi.

A 2025 ne hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince a fara gwajin ƙodar alade a kan rukunin marasa lafiya, wato har yanzu bincike ne. Don haka ku zauna da likitan ƙodar Baba ku ji ko jikinsa zai ɗauki dashe daga ɗan Adam, kuma kada ya riƙa tsallake ranakun wanki.