Yadda ake fara fatsar kifin bas da ƙwaron bogi

Tambaya: Malam, na daɗe ina fatsa da tana, yanzu kuma ina sha'awar koyon kama kifin bas (wani kifin ruwan daɗi mai farautar ƙananan kifaye) da ƙwaron bogi a koguna da tafkunan da ke kusa da ni. Da wane kaya zan fara, kuma a ina zan nemi kifin?

Amsa: Abu na farko da ya kamata ka fahimta shi ne, a irin wannan fatsa nauyin igiya ne ke ɗaukar ƙugiya zuwa nesa, domin ƙwaron da ake ɗaurawa da gashin tsuntsu da zare ba shi da nauyin da za a iya jefa shi da kansa. Saboda haka ka ba igiya muhimmanci fiye da sauran kaya. Ka nemi mai yawo a saman ruwa, wadda nauyinta ya taru a gaba, lambarta ta nauyi kuma ta dace da wadda ke jikin sandarka. Sanda mai tsawon ƙafa 9, lamba 7 ko 8, ita nake ba masu koyo shawara, domin ƙwarin bas manya ne, iska tana riƙe su, ƙaramar sanda kuwa wahalar da hannu kawai take yi. A ƙarshen igiyar ka ɗaura siririn zare mai tsawon ƙafa 7 zuwa 9, mai jure nauyin kusan kilo 5.

Kafin ka kusanci ruwa, ka yi kwanaki kana gwada jifa a kan ciyawa, da guntun ulu a madadin ƙugiya. Kuskuren da na fi gani shi ne gaggawa: mai koyo yakan ja sanda baya, ya mayar da ita gaba tun igiyar ba ta miƙe a bayansa ba, sai ta yi ƙara kamar bulala ta zube a gabansa. Ka dakata kaɗan har ka ji nauyinta ya ja sandar. Mita 10 zuwa 12 sun ishe ka kama kifi. Ka riƙa sa tabarau da hula, don kare ido daga ƙugiya.

Ƙwari iri uku sun wadatar da farko: mai yawo a sama yana ɓulɓul idan an fizge shi, da masu nutsewa guda biyu, wato Woolly Bugger, mai kama da tsutsa mai gashi, da Clouser Minnow, mai kama da ƙaramin kifi, wanda Bob Clouser ya ƙirƙiro a 1987 domin bas na kogin Susquehanna a Amurka.

Wurin nema kuwa ya danganta da irin kifin. Bas mai babban baki ya fi son ruwa mai ɗumi da ba ya gudu, yana laɓewa a gefen bado, ciyawa da kututturen da suka nutse, yana jiran kwaɗo ko ƙaramin kifi. Mai ƙaramin baki ya fi zama a ruwa mai haske da duwatsu, inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya. Da sassafe da gab da magariba ka jefa mai ɓulɓul dab da maɓoyarsu, ka bar shi har da'irar ruwan ta lafa, sannan ka ɗan fizga. Sau da yawa a lokacin wannan shirun ne kifin yake kawo hari. Idan rana ta take, ka koma ga masu nutsewa.

Idan ya kama, ka ja igiyar da hannu da ƙarfi kafin ka ɗaga sanda, domin bakin bas yana da tauri. Ka kuma bincika dokar lasisi da lokutan da aka hana kamu a yankinka, musamman lokacin da namijin ke gadin ƙwai a ruwa marar zurfi, domin idan aka cire shi daga wurin, ƙananan kifaye kan cinye ƙwan cikin ɗan lokaci.