Amsa ga ɗan'uwan da ke son wasa da 'ya'yansa amma yana tsoron raini

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ɗan'uwa, ka ce da zarar ka yi sallama gidanka yakan yi tsit, kowane yaro ya ja waya ya shige ɗaki, kana son ka riƙa wasa da su amma kana gudun raini, kai kanka ma ka manta rabonka da dariyar da ta kai ciki. Kamar ni ka zana, shekaru kaɗan baya.

A Tudun Wada na tashi. Idan farin wata ya fito, bayan isha'i muna waje muna langa, a fid da ruwa, sauran mu zama dokuna muna kare shi har ya sha. 'Yan mata na gefe suna gaɗa. Azumi ya kwana goma mu shiga tashe gida-gida. Daga baya aiki ya zo, ga haya, ga kuɗin makaranta, ban san ranar da na zama dodon gidana ba. Yarana sun haddace ƙarar mashin ɗina, kafin in kashe shi an kashe talabijin. A lokacin ɗauka nake kwarjini ne.

Kullen korona na 2020 ne ya tona min asiri. Kun dai san yadda aka tsananta shi a nan Kaduna, makonni ba kasuwa ba masallaci. Na zauna da mutanen da na haifa, na rasa hirar da zan yi da su in ban da "an yi karatu?" Wata la'asar gundura ta ishe ni, na ɗauki gawayi na zana dara a simintin tsakar gida: gurbi 30, layi biyar, kowane layi gurbi shida. Na ɗauki murafun kwalba 12, na ba 'yata ta uku ƙwallayen dabino 12, lokacin tana da shekara 11. Na nuna mata yadda ake zubawa ɗaya bayan ɗaya, sannan a fara matsawa, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. Mako biyu ina cinye ta. A mako na uku ta tarfa ni, ta kwashe min 'ya'ya tas, ta daka tsalle tana ihu, "Na cinye Abba!" Sai kuma ta tsaya cak, ta zuba min ido tana jiran tsawa. Wannan kallon har yau yana damuna. Na fashe da dariya na ce dara ta ci gida, sai ga sauran suna leƙowa.

Don haka shawarata, ka zaɓi wasan da za a iya cinye ka, kuma idan an cinye ka ka karɓa. Yawancinmu idan muka ce za mu yi wasa da yara, darasi muke mayar da shi, mu ne alƙalai, mu ne masu gyara. Yaro na gane wannan da wuri, zai zauna don biyayya amma zuciyarsa na kan waya.

Batun raini kuwa, na fahimce ka. Al'adarmu ta ba kaka wasa da jika, ta ba taubasai, har Kanawa da Zazzagawa ta ba su filin tsokanar juna, amma uba ta bar shi da kunya, musamman tsakaninsa da ɗan fari. Sai dai ka tuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ta tsere masa, daga baya ya rama. Jikansa ya hau bayansa yana sujada, ya tsawaita ta har yaron ya sauka don kansa. Wa ya kai shi kwarjini? Ni abin da na gani a gidana, ba wasa ke jawo raini ba, faɗin magana a kasa cika ta ne. Idan aka kira salla muna kwashe dara ko da ni ke kan ci, kuma ba a taɓa yi min musu ba.

Kada dai zumuɗi ya kwashe ka. Na ce zan nuna musu langa, tsalle uku gwiwa ta amsa, na yi mako ina shafa man zafi. Uwargida kuwa da aka kawo duwatsun carafke sai ga hannu bai manta ba, ta zubar da 'yan matan gaba ɗaya. Shekara 19 muna tare ban san ta iya ba.

Idan aka ɗauke wuta yanzu ba ma tsaki sosai. Tabarma a tsakar gida, wani ya ce "ga ta nan ga ta nanku", ko a shiga kacici-kacici. Autana ya kwana biyu yana neman amsar "shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya", alhali tsintsiyar na jingine a bayansa. Wani lokaci mukan je wurin shaƙatawa na Gamji, su yi ta tsere a kan tsohuwar gadar Gwamna Lugga da aka ɗauko daga Zungeru. In ka kai su, kar ka nemi benci ka zauna da waya kana gadin takalma, ka shiga cikinsu.

Manyan ba za su zo ranar farko ba, kar ka kira su. Ka fara da ƙaramin, ko da mai ɗakinka. Ɗan farina ya fi wata biyu yana wucewa kamar bai gan mu ba, sannan ya fara tsayawa a bakin ƙofa yana gaya wa ƙanwarsa inda za ta matsa. Yanzu shi ke zana darar. Ita kuwa wadda ta fara cinye ni tana shirin jami'a, kuma har yau ban rama cin da ta yi min ranar Juma'ar da ta wuce ba.