Na auro 'yar Yola zuwa Garwa: ta zama 'yar Kamaru ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan Kamaru ne, ina sayar da atamfa a babbar kasuwar Garwa. Shekara uku ke nan da na auro matata daga Yola. An ɗaura aure a masallacin unguwarsu, Allah ya ba mu 'ya'ya biyu, amma har yau ba ta da takardar nan ko ɗaya. Duk sanda za mu je ganin gida sai jandarmomi sun sauke ta daga mota a hanyar Gashiga. Wani ya ce in kawo kuɗi ya samo mata takardar haihuwa ta wani ƙauye, ta yi katin ɗan ƙasa a huta. Shin aure bai mayar da ita 'yar ƙasa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bai mayar da ita ba. A addini aurenku aure ne, babu mai ja. Amma hukuma ba ta san da shi ba tukuna, domin auren da take aiki da shi shi ne wanda ya shiga rajistar meri, wato ofishin ƙaramar hukuma, aka ba ku akt da mariyaj, takardar aure ta hukuma. A takarda, iyalinka baƙuwa ce 'yar Najeriya da ta shigo ziyara ta zarce. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka da 'ya'yanta ke shiga ƙasashen juna ba biza. Abin da ke tsakaninta da Najeriya yarjejeniya ce ta shiga ba biza na kwana 90. Waɗannan kwanakin sun ƙare tun kafin a yi sunan ɗanku na fari.

Sai dai jinkirin nan naka ya zame maka gobarar Titi. Dokar zama ɗan ƙasa ta 11 ga Yuni 1968, wadda har yau da ita ake aiki, ta ce a sashe na 17 baƙuwar da ta auri ɗan Kamaru tana iya zama 'yar ƙasa idan ta nema da bakinta a lokacin ɗaurin auren. Ka riƙe kalmar nan: a lokacin. Ƙofa ce da ake buɗewa rana ɗaya. Na sha ganin ma'aurata sun je meri cikin shadda da leshi, an sa hannu, an ɗauki hoto, an sha foleri, ba wanda ya tayar da maganar. Sai bayan shekara mijin ya dawo yana tambayar yadda za a yi, a ce masa sai dai matar ta bi doguwar hanya irin ta kowane baƙo: shekara 5 a jere tana zaune a ƙasa, binciken hali da lafiya, fayil ɗin takardunta ya tafi Ma'aikatar Shari'a a Yawunde, a zauna jiran dikire, wato umarnin gwamnati da ke ba da zama ɗan ƙasa. Ku kuwa tunda ba ku je meri ba, ranar taku tana gaba.

Saboda haka ka je merin da kake zaune a ƙarƙashinta, ka ce aure za ku ɗaura. Za a liƙa sanarwa a allo wata guda kafin ranar, don mai ƙorafi ya fito. A cikin watan nan ita ta haɗo nata: takardar haihuwarta ta gaskiya daga Najeriya, fasfo, da shaidar cewa ba ta da wani aure a rajista. Kada Turancin Ingilishin da ke jikinsu ya dame ka, shi ma harshen hukuma ne a nan. Tun ranar da ka kai takardu ka shaida wa jami'in cewa amarya baƙuwa ce kuma tana neman zama 'yar ƙasa, ka tambayi inda za ta sa hannu a kan buƙatar. A rubuce ake yi. Ku karɓi kwafi ku adana. Bayan aure gwamnati tana da wata 6 da za ta iya ƙin amincewa. Idan sun wuce lafiya, sai ta nemi satifiket na zama 'yar ƙasa a tiribinal, wato kotu, da shi ne za ta yi katin.

Wani abu da 'yan'uwanmu ke tuntuɓe a kai ranar: za a tambaye ku monogami (mace ɗaya) ko poligami (mace fiye da ɗaya). Wanda ya sa hannu a monogami ya rufe wa kansa ƙarin aure a hukumance muddin wannan yana nan. Idan kuma kana da uwargida da kuka riga kuka yi rajista, ɗauko takardarku ka duba abin da aka rubuta kafin ka taka ƙafa meri.

Yanzu ga inda nake so ka zauna da iyalinka ku yi magana ta tsakani da Allah, domin shawarar tata ce, ba taka ba. Kamaru ba ta yarda baligi ya riƙe ƙasa biyu ba. Sashe na 31 na dokar ya ce ɗan Kamaru baligi da ya karɓi wata ƙasa ko ya ci gaba da riƙe ta da ganin damarsa ya rasa ta Kamaru. Ita Najeriya ba ta da wannan matsalar: tsarin mulkinta na 1999 ya bar ɗan ƙasa na haihuwa ya ƙara wata. Ma'ana, idan ta zaɓi Kamaru sannan ta ci gaba da sabunta koren fasfo, daga nan ne ƙura za ta taso, ba daga can ba. Mace mai iyaye a Yola, mai gado a can, wadda take jefa ƙuri'arta a can, tana da dalilin yin tunani sau biyu.

Idan ta ce ita dai tana nan a 'yar Najeriyarta, ba a rasa komai ba. Dokar shige da ficen baƙi ta 10 ga Janairu 1997 ta tanadi kat da sejur, wato katin izinin zama na baƙo, mai shekara 2, ana sabuntawa, a ofishin 'yan sandan emi-imigrasiyo, masu kula da shige da fice. Sama da shi akwai kat da razida, katin mazaunin ƙasa, mai shekara 10. Baƙo na gama-gari sai ya yi shekara 6 a jere kafin ya nema, amma wanda ya auri ɗan ƙasa ko 'yar ƙasa haƙƙinsa ne bayan wata 18 da aure, muddin zamansa bisa ƙa'ida ne kuma auren yana nan. Lissafin watannin daga takardar aure yake farawa, ba daga ranar da aka raba goro a Yola ba. A ganina wannan ta fi dacewa da yawancin matan da aka auro daga Yola da Mubi: ta zauna lafiya, ta je gida lafiya, ba ta yar da komai ba. Tunda ta daɗe ba takarda, kada ka tura ta ofishin ita kaɗai. Ku je tare, da takardar aure da na haihuwar yara, in da hali da lauya.

Shi kuwa mai samo takardar ƙauye, ka ce masa ka gode. Kowace takardar haihuwa ta gaskiya tana da uwa a rajista, wadda ma'aikata ke kira sush. Na taɓa zama da wata baiwar Allah da aka yi wa irin wannan. Shekaru tana yawo da katinta, sai ranar da ta tashi neman fasfo don aikin Hajji aka aika a duba sush. Aka buɗe littafin, lambarta tana ɗauke da sunan wani yaro namiji. Ga hoton yatsunta ya riga ya shiga kwamfuta da sunan uban da ba nata ba da garin da ba ta taɓa gani ba. Hajji ta wuce ta, ta koma neman yadda za ta tsira daga tuhumar jabu, laifin da ake ɗauri a kansa, kuma har mijin da ya biya kuɗin bai fita ba.

Masu tambaya ta ɗaya gefen, wato ɗan Najeriya ko ɗan Nijar da ya auri 'yar Kamaru, su sani sashe na 17 na mata ne kaɗai. Namiji sai ya nemi dikire; rangwamen da aka yi masa shi ne an ɗauke masa sharaɗin shekara 5.

Yaranku 'yan Kamaru ne ta wajenka. Amma ka buɗe takardun haihuwarsu yau ka ga ko sunanka yana wurin uba, domin yaron da aka haifa ba tare da auren rajista ba sai uban ya amsa shi a hukumance. Idan kuma ba a yi musu takardar ba sam har wa'adi ya wuce, sai ta tiribinal, a yi abin da ake kira jujma suplatif, wato hukuncin kotu da ke ba da damar yin takardar. Ka haɗa wannan da zuwanka meri, kafin babban ya isa shiga makaranta.